Ranar da Aka Gwada Nonona da Tururuwa

Shekarun baya, lokacin ɗana na fari yana goye, an taɓa yanke wa nonona hukunci a tsakar gidanmu da ke Limancin Kona, kuma alƙalin da ya yanke hukuncin tururuwa ce. Yanzu in na tuna dariya nake yi, amma a lokacin ko murmushi ba na iyawa. Abin da ya tuno min da zancen shi ne jiya yaron ya dawo daga makaranta, ya share malmalar tuwo uku, ya ɗago kai yana tambaya ko akwai saura. Na tsaya ina kallonsa, ya fi ni tsawo, har gashin baki ya fara tsiro masa. Na ce bari dai yau in ba ku labarin nan.

Ni malamar firamare ce, a makarantar Kongo ta nan garinmu na yi karatuna, kuma a wancan lokacin ji nake duk cikin birni ba wanda ya kai ni sanin yadda ake renon jariri, alhali ko ɗan tsako ban taɓa rena ba. Da yake haihuwar fari ce, aka mayar da ni gida Kwarbai wankan jego wurin mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Tun ranar farko muka fara sa-in-sa da tsofaffin gidan. Suka ce a tatse dakashi a zubar, wato nonon farkon nan mai kauri, wai datti ne. Na ce ba mai zubar min, na ba shi abinsa. Wankan ruwan zafi na yi, kunun kanwa na sha daidai gwargwado. Amma akwai wani jiƙon sassaƙe da Inna ke kawo min kullum da safe a 'yar ƙwarya, wai na wanke nono ne. Ɗaci kamar ya tsinka harshe. Sai in sa hannu biyu in karɓa in ce na gode, tana juya baya in tuttular da shi a makwarara.

Saura kwana uku in gama arba'in ta kama ni. Na shirya jin faɗa. Ita kuwa sai ta daɗe tana kallon makwararar, sannan ta ɗauki ƙwaryarta ta shige ɗaki. Na ɗauka haushi ta ji an raina mata magani, na ce a raina za ta huce.

Na koma ɗakina da yaro ɓul-ɓul. Wata shida cur ko mura bai yi ba. Rigakafi ko ɗaya bai wuce shi ba, katin nan har leda na saya masa don kar ya yi datti. Duk inda na zauna, a makaranta ko a gidan suna, sai na kawo zancen yadda na ƙi jin maganar tsofaffi ga shi yaro ya yi kyau. Wallahi na cika mutane da surutu. Inna kuwa in ta zo sai ta ɗauke shi tana cewa angonta ya fi ƙarfin goyo, ta harare ni ta ce ba ni da kunya, ina sumbatar ɗan fari a gaban mutane.

Yana shiga wata na bakwai komai ya juye. Kunne ya fara, yana zubar da ruwa. Aka ba da magani ya tsaya, sai tari ya karɓa, irin wanda ƙirji ke lotsawa ciki. Tari bai gama sauka ba zawo ya zo. Zawo ya tafi, kunnen ya dawo. Cikin wata biyu na san kowane benci a ɗan asibitin unguwarmu. Yaron da ake ɗauka da hannu biyu ya koma ana ɗaga shi da hannu ɗaya, wuyansa ya yi siriri, ga kaluluwa ta fito masa ƙasan kunne. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. In ina koyarwa a aji sai in tsaya tsakiyar jimla na manta abin da nake faɗa.

Masu zuwa dubiya kowa da nasa. Wannan ta ce haƙori ne, waccan ta ce baki ne, ai na cika nuna shi. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta ja ni gefe ta tambaye ni a hankali ko dai ciki gare ni yaron yake sha. Na ce babu. Ta girgiza kai ta ce to a duba nono. Daga nan maganar ta fara yawo, har ta tsallaka Kwarbai.

Wata Litinin da hantsi, muna hutun makaranta, sai ga Inna ta yi sallama. Ko zama ba ta yi sosai ba ta ciro murfin kwano daga cikin mayafinta ta ajiye gabana.

"Tatso nan," ta ce.

"Inna, me za a yi?"

"Ke dai tatso."

Na tatsa. Ta je gindin katanga da tsinke ta ɗauko tururuwa guda. Ta ce haka iyaye suke gwadawa: in an jefa ta cikin nono ta yi iyo ta fita, nono lafiyayye ne; in ta mutu a ciki, nono ya ɓaci, shi ke cutar da yaro. Ta jefa ta. Muka durƙusa mu biyu muna kallo. Tururuwar ta yi ta wutsil-wutsil, ta nufi baki ta dawo, ta sake nufa, can sai ta daina motsi.

Na ce, "Haba Inna, ai wannan ko a kunu kika jefa ta mutuwa za ta yi."

"Ban zo gardama ba," ta ce. "Irin nonona gare ki. Shi ya sa na yi ta ba ki jiƙo kina zubarwa. Ran Juma'a zan zo in tafi da shi. Koko da nonon shanu zan ba shi, kafin ki ƙarasa min shi."

Ta ɗauki murfinta ta fita, ko ruwa ba ta sha ba.

To a nan ne za ku ga ƙarshen bokon nawa. Tana fita na rufe ƙofar gida na ce bari in yi binciken kimiyya. Na jera murfi uku: ɗaya nonona, ɗaya madarar gwangwani, ɗaya ruwan randa. Na bi katanga a tsugune na kamo tururuwa tara, uku-uku. Ni da nake tsayawa gaban aji da alli ina koya wa 'ya'yan mutane, ga ni ina rarrafe ina roƙon tururuwa ta yi haƙuri ta hau tsinke. Na cikin madarar gwangwani duk suka mutu. Na cikin nonona biyu suka mutu, ɗaya ta fita. Na cikin ruwa biyu suka fita. Mai hankali zai ce magana ta ƙare, tunda ba wanda ya taɓa cewa madarar gwangwani guba ce. Amma ni idona bai ga komai ba sai biyun nan da suka mutu a nawa. Na tuna jiƙon da na zubar kwana talatin da bakwai, na ce shi ke nan, da hannuna na jawo wa ɗana.

Ran Laraba da safe na hana shi nono da kaina, ban ma jira Juma'ar ba. Na dama koko, ya furzar. Na haɗa madara, ya kawar da kai. Ya yi kuka har muryarsa ta dushe, yana cusa fuska a ƙirjina, ni kuma ina ture shi ina kuka. Nonon ya cika ya yi tauri, rigata duk ta jiƙe.

Maigidana ɗinkin hannu ne sana'arsa, aikin babbar riga. Mutum ne da zai zauna wata guda kan aska ɗaya, wato zanen adon gaban riga, bai ƙosa ba, kuma magana ba ta dame shi ba. Duk wannan abin yana gani, amma kunyar suruka ta hana shi cewa uffan. Ran Alhamis da la'asar ya shigo ya same ni zaune a ƙofar ɗaki, yaron kwance a tabarma ko ƙarfin kuka ba shi da shi, sai ajiyar zuciya. Ya tsaya ya dube mu.

"Ba shi," ya ce.

"Malam, Inna ta ce..."

"Na ji abin da Inna ta ce. Ki ba shi, alhakin a wuyana."

Na ɗauke shi na sa masa. Yadda ya cafka da hannu biyu, yana sha yana sheshsheƙa, har yau in na tuna ƙirjina zafi yake yi.

Ashe Malam ya riga ya yi magana da wani abokinsa da yake yi wa ɗinki, ma'aikacin jinya ne a babban asibiti. Shi ya ce masa yaron da ciwo ke ta maimaita masa haka ba na magani-magani ba ne, a kai shi wurin likitar yara ta duba dalili. Bayan ya ga yaron ya sha ya yi barci, Malam ya sa hularsa ya tafi Kwarbai, ya durƙusa a zaure ya roƙi Inna ta ba shi mako biyu. Ban san abin da ya gaya mata ba, don har yau bai faɗa min ba. Ta yarda, amma da sharaɗin ƙafarta ƙafarmu, don ta gaya wa likitan abin da idonta ya gani.

Haka muka tafi mu uku, Inna ce ma ta goya shi. Likitar mace ce, ta manyanta, tabarau rataye a wuya da igiya, Hausarta irin tamu ta cikin ganuwa. Ta bar ni na zuba surutu har na gaji, tana ɗan rubutu. Ta tambayi watan da abin ya fara, na ce na bakwai, ta gyaɗa kai kamar dama abin da take jira ke nan. Ta haska maƙogwaronsa ta leƙa, sannan ta lalubi wuyansa. Tana taɓa kaluluwar sai na ji ta ce, "Alhamdu lillahi." Raina ya sosu. A zuciyata na ce ni abin nan ya hana ni sukuni, ita tana hamdala.

Sai ta tambaya, "A danginku, ta wajen uwa, akwai yaro namiji da ya rasu yana jariri bayan yawan ciwo?"

Na yi caraf na ce, "Babu."

"Akwai," in ji Inna.

Na juya na kalle ta. Na san an taɓa haifar wani kafin ni, amma a gidanmu ba a zancensa, na ɗauka ko suna bai kai ba. Inna ba ta kalle ni ba, bango ta zuba wa ido. Ta ce wata takwas gare shi, da damina zawo ya kama shi. Tsofaffin gidan mijinta suka gwada nononta da tururuwa, tururuwa ta mutu, aka ce nonon ne. Aka ɗauke shi daga hannunta aka mayar da shi ɗakin kakarsa, ana ba shi koko da nonon shanu. Kwana goma sha bakwai ya yi.

"Ke ba ki ce komai ba, Hajiya?" likitar ta tambaya a hankali.

"Ɗan fari ne, likita. Da wane bakin? Ina jin kukansa ta katanga, in na tashi sai in koma in zauna. Ranar da aka fita da shi ma daka aka sa ni, don kar a ce na yi rashin kunya."

Duk bayanin nan ba ta ambaci sunansa ba, "wancan" take cewa. Ta ce tun daga nan duk haihuwar da ta yi sai ta sha jiƙon nan kwana arba'in, shi ya sa muka rayu, ni da ƙannena. Sai a lokacin na gane kallon da ta yi wa makwarara ranar da ta kama ni. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata.

Likitar ta tambayi ko cikin ƙannena akwai namiji, aka ce akwai, ƙato ma kuwa, lafiyarsa lau. Ta rubuta a ɗebi jinin yaron, ta ba da maganin kunne da na ƙirji, ta ce mu dawo bayan kwana goma, kuma kafin nan kar a kuskura a cire masa nono. Inna ta ce, "Likita, tururuwa fa ta mutu a gabana." Ta ce, "Hajiya, ki ajiye min maganar tururuwar nan sai kun dawo. Na yi miki alkawari zan amsa."

Kwana goman nan Inna ba ta zo gidanmu ba, amma kullum sai ta aiko a tambayi jikin angonta. Ranar komawa tun kafin mu gama karyawa ta iso.

Likitar ta shimfiɗa takardun gwajin, ta ja kujera kusa da Inna, ta yi mana bayani yadda ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai gane. Ta ce a watannin ƙarshe na ciki, uwa tana zuba wa ɗanta makaman kariya daga jininta ta hanyar mabiyiya. Guzuri ne take yi masa. Da shi yake fitowa duniya, shi ya sa watannin farko cuta ba ta cika samun sa ba. Amma guzurin kullum raguwa yake yi, wajen wata shida ya kusa ƙarewa.

Na ce, "Ke nan lafiyar da ya yi wata shida ba dabarata ba ce?"

Ta yi dariya ta ce, "Dakashin da kika ba shi da rigakafin sun taimaka ƙwarai, Malama. Amma yawancin aikin jikinki ya yi shi tun ba ki sani ba." Na tuna gidajen sunan da na cika da alfahari.

Ta ci gaba da cewa yaro yana da wasu ƙwayoyin jini nasa na kansa, waɗanda aikinsu ƙera irin waɗannan makamai. Tun yana ciki suke fara samuwa, da farko a hanta, daga baya aikin ya koma cikin ɓargon ƙashi. A can ake tace su, duk wadda aka ga za ta juya ta yaƙi jikin mai ita sai a kawar da ita. Waɗanda suka tsallake su fito su zauna a saifa, da maƙogwaro, da wuraren da kaluluwa ke fitowa. Amma sabbin fitowa ne, ba su san abokin gaba ba. Sai sun haɗu da cuta, ko rigakafi ta nuna musu kamanninta, sannan su koyi ƙera makamin da ya dace da ita, wasunsu kuma su riƙe kamannin nan shekara da shekaru.

Ta dubi maigidana ta ce, "Malam, wanda ya fara koyon ɗinki yau, za ka miƙa masa babbar riga?"

Ya ce, "A'a likita, sai ya shekara yana ɓata ƙyalle."

"To haka suke. Kowane jariri yana da ɗan lokacin da guzurin uwa ya ƙare, nasa kuma ba su gama ƙwarewa ba. Yawancin yara suna wucewa ba a ma lura ba. Naku nasa lokacin ne ya yi tsawo. Akwai yaran da ƙwayoyin nan ba sa fitowa daga ɓargo sam, irinsu ba a cika jin kaluluwa a wuyansu ba, kuma ciwonsu na tsawon rai ne. Shi na ji wa tsoro, shi ya sa na tambayi dangi, shi ya sa kuma na yi hamdala da na taɓa wuyansa. Gwaji ya nuna nasa suna nan, adadinsu daidai. Makaman da suke ƙerawa ne ba su yi yawa ba tukuna. Ina sa ran za su kamo, za mu riƙa dubawa."



"Nonon fa?" Inna ta tambaya.

"Nono yana ɗauke da nasa makaman, Hajiya. Suna shafe maƙogwaro da hanji, ƙofofin da cuta ta fi shigowa. Yanzu da guzurinsa ya ƙare, nonon nan ne babban abin da ya rage yana tsare shi. Tururuwa kuwa nutsewa take yi, ba guba ke kashe ta ba. Ko a madarar kanti kika jefa ta, haka za ta yi."

Bakina da ba ya shiru na ce ai na gwada, da tururuwa tara, na gwangwanin ma duk sun mutu. Likitar ta cire tabarau tana dariya, Malam ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa. Inna kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta gyara mayafinta, ta matso bakin kujera.

"Likita, to wancan fa? Wanda aka cire wa?"

Likitar ta kama hannunta ta ce, "Hajiya, ban ga yaron ba, ba zan ce ga abin da ya yi ajalinsa ba. Kwanansa ne ya ƙare, Allah ya sa mai ceto ne. Waɗanda suka ɗauke shi ma taimako suka yi nufi, iyakar saninsu ke nan, kuma ba ke kika yanke ba. Amma abu ɗaya zan faɗa miki ba shakka a raina: ba nononki ba ne ya cuce shi. Wata takwas ɗin da ya yi a hannunki, alheri kika yi ta ba shi."

Can Inna ta ce, "Shekara talatin da biyu ina neman gafarar Allah a kan nonon nan." Sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Tunda nake ban taɓa ganin kukan Inna ba, ko rasuwar mahaifinmu a ɗaki ta yi nata. Ranar ta yi shi a gaban surukinta da baƙuwar likita, da sauti, kamar ƙaramar yarinya. Malam ya tashi ya fita ya ba ta wuri. Likitar ba ta ce ta yi haƙuri ba, ba ta kuma kira na bayanmu ba, ta bar ta har ta gama.

A mota muna dawowa, mun kusa Ƙofar Doka yaron ya fara ƙananan kuka. Kafin in motsa Inna ta kwance shi ta ɗora min a cinya ta ce, "Me kike jira? Ba shi mana."

Ba zan ce muku daga ranar ya warke ba. Mun ci gaba da zirga-zirga, kunnen ya dawo sau biyu, ƙirjin ma ya taɓa kwantar da mu asibiti kwana huɗu. Amma duk ciwon da ya zo muna zuwa da wuri, kuma tsakanin wannan da wancan yana ƙara nisa. Duk bayan 'yan watanni a ɗebi jini, likitar ta nuna min lambar ta ɗan hau. Inna ta mayar da kanta mai gadin nono. Kullum ƙullin gyaɗa da gero na kunu yana zuwa daga Kwarbai, in ta zo ta tarar ina wanki yaro na kuka sai ta ƙwace wankin. Dattijuwar maƙwabciyarmu ta sake kawo zancen gwaji, Inna ta ce mata tururuwa ba ta yi karatun likita ba.

Yana da wata ashirin da biyu likitar ta duba takarda ta ce sun kamo, jininsa ya zama kamar na kowane yaro, za a iya yaye shi in an so. Na yi sujada a ɗakin nan, ban damu da wanda ke kallo ba.

Kun san al'ada, yaye gidan kaka ake kaiwa. Na haɗa masa kayansa a jaka, da safe na kai shi Kwarbai, na dawo gida ina share hawaye. La'asar na yi sai ga sallamar Inna, yaro a bayanta, jaka a hannu. Matar da ta zo ɗaukar sa da ƙarfi yana wata tara, yau an kai mata shi har gida ta dawo da shi.

"Inna lafiya? Ya ƙi zama ne?"

"Ya zauna. Ni ce ban shirya ba." Ta kwance shi ta ɗora min a cinya. "Ƙara masa wata guda. Nasa ya ƙare, na sani. Wannan watan na yayanki ne."

Sai ta faɗi sunansa. Karo na farko ke nan da na ji sunan yayana daga bakin wadda ta haife shi. Ta faɗe shi a hankali, ta sake maimaitawa, kamar tana gwada ko bakinta zai iya. Na rungume yaron na ba shi, ita kuma ta zauna gefena a tabarma tana kallo har ya ƙoshi.

Abin da na ɗauka daga wannan al'amari ba wai boko ya kayar da gargajiya ba ne, don kun dai ga inda bokon nawa ya kai ni, gindin katanga da tsinke. Na koyi cewa in tsoho ya kafe a kan abu, kafin in yi masa dariya in tambayi abin da ya taɓa gani. Da na tambayi Inna dalilin jiƙon nan tun ranar farko, da wataƙila ba ta ɗauki kayanta ita kaɗai har tsawon wannan lokaci ba. Na kuma koyi cewa yaron da ciwo ke ta dawo masa, a nemi mai duba dalili, kar a tsaya neman wanda za a ɗora wa laifi, don kusan kullum a kan uwa yake faɗawa.

Ina gode wa Allah da ya tsara jikin jariri haka, ya sa uwa ta yi masa guzuri tun bai fito ba, ya kuma ba shi nasa masu tsaro da ke koyo a hankali. Ina gode wa mutumin da ya ce alhakin a wuyansa. Likitar nan kuwa na ji ta yi ritaya, duk inda take Allah ya saka mata, don mutum biyu ta yi wa magani a ɗakin nan, ɗaya ko kati ba ta yanka ba.

Inna tana nan da ranta, ta tsufa, sai da sanda. Jiya da yaron ya gama da tuwon tana zaune tana kallonsa. Ya ce mata amarya ta tsufa zai sake wata, ta ɗaga sandar ta ce, "Tafi can, ƙato. Ka yi min a hankali, rabon nonon mutum biyu ka sha." Ya fashe da dariya, ita ma tana dariya har da tari. Ni kuwa na tattara kwanuka na shige madafa, na daɗe ban fito ba.